Surukata 'Yar Tsibiri

Surukata ta rasu ranar Talata da hantsi, a wani asibiti a nan Greensboro. Allah da ya ba mu aronta ya karɓi abinsa. Yau sati shida ke nan, kuma har yanzu na kasa zama wuri ɗaya. In na zauna a falo sai in tashi in leƙa kicin, in na shiga kicin sai in rasa abin da ya kai ni. Matata ta ce tunda ba zan zauna ba, in ɗauki biro in rubuta abin da ke cina, ko ta samu ta huta da kai-komon da nake yi mata a ka.

Mutanenmu sun zo ta'aziyya, amma sun zo a rikice. Mamaciyar Kirista ce daga wani ɗan tsibiri a tsakiyar Tekun Pasifik, ni kuwa Bakatsine ne da ya zo karatun ƙasar noma a ƙarshen shekarun saba'in, ya auri 'yarta. Malam, mai ja mana sallar Juma'a, ya tsaya a bakin ƙofa yana neman abin da ya halatta ya faɗa, daga ƙarshe ya jera "Allah ya ba ku haƙuri" har sau uku. Hajiya, matar dattijon Hausawan garin nan, ba ta tsaya neman fatawa ba. Ta dire tukunyar shinkafa da miya, ta rungume matata tana kuka.

"Wallahi tsohuwar nan mutuniyar kirki ce," in ji ta. "She was a good woman, Malam, ko ka yi gyaran murya ko kada ka yi."

Wani abokina ɗan Maraɗi ya ja ni gefe ya ce, "Mais wace ƙasa ce ma tasu? Na duba taswira a laburare, ban gan ta ba." Da tana raye da ya sha amsar da ta saba bayarwa. Takan ce, "Kai ba ka gan ta ba don ƙarama ce. Masu bom sun gan ta."

A maƙabarta matan cocinsu na gabashin gari suka yi ta waƙa. Wasu 'yan'uwanta maza biyu da suka yi doguwar tafiya suka buɗe bayan mota, suka sauke buhunan farar tsakuwa da suka saya a wani shago a titin Wendover, suka baza a kan kabarin da hannu. Hajiya ta taɓo ni ta ce mene ne ma'anar wannan. Na ce ban sani ba. Shekara bakwai muna kwana a gida ɗaya da baiwar Allahn nan, amma ban sani ba, kuma na ji kunyar faɗin haka.

Ba zan rubuta sunanta ba. Ban taɓa furta shi tana da rai ba, ba kuwa yanzu zan fara ba. Mama nake ce mata, shi ma ina kallon ƙasa.

Haihuwar 'yarmu ce ta kawo ta Greensboro. Matata ta riga ta zuwa da shekaru, karatun aikin jinya ya kawo ta. Ranar da aka haihu, ni dai ba zan yi ƙarya ba, namiji na so. Abokaina ma gaisuwar da suka yi min ta fi kama da lallashi, kowa yana cewa Allah ya kawo mata ƙane. Sai ga tsohuwa ta sauka daga jirgi bayan suna, ta ji mace ce, ta ajiye jaka a tsakar falo ta hau rawa. A lokacin ne matata ta yi min bayani. A wurinsu ƙasa ta hannun mata take bi. Filin da Mama ta gada daga uwarta, matata ce za ta gada, daga ita sai 'yarmu. Sauran 'ya'ya matan Mama duk sun rasu, wasu tun suna ciki. Wannan jaririya da nake yi wa kallon "Allah ya kawo na gaba" ita kaɗai ce ta rage wa filin.

Filin kuwa ba mai zama a kansa. Mama tana matashiyar uwa sojojin Amurka suka gwada bom ɗinsu a wani tsibiri da ke sama da nasu. Ta ce da safe suka ga haske ta inda rana ba ta fitowa, bayan wasu sa'o'i farar toka ta fara zuba, kamar an zazzage buhun gari. Yara suka yi ta wasa da ita. Ta sauka a randunan ruwa, ta sauka a kan kifin da aka shanya. Kwana biyu gashi ya fara zubewa, fata ta sale. Aka zo da jirgin ruwa aka kwashe su. Bayan wasu shekaru aka ce ƙasa ta gyaru, aka mayar da su, suka ci kwakwarsu da kifinsu, sai ƙari ya fara fito wa mutane a wuya, har dole suka sake barin tsibirin. Ita ma an yanka nata, tabon yana nan kamar zare daga wannan gefe zuwa wancan.

Ba ta ɓoye tabon nan. Duk inda aka gayyace ta, ko ɗakin taron coci ne ko ajin ɗalibai a jami'a, sai ta ja wuyan rigarta ƙasa kafin ta ce uffan. Turancinta a gutsure yake, amma ban taɓa ganin wanda ya ce bai gane ba. Ni nake kai ta a mota, in zauna a kujerar baya ta ɗakin taron ina addu'ar kada wani Bahaushe ya shigo.

Mace ce da ba ta san zama ba, wataƙila ma ita ta bar min wannan ciwon. Da safe ta share tsakar gida har da na maƙwabta. Ledar burodi ba ta shiga shara a gidanmu, yankawa take siri-siri ta saƙa mafici da 'yan tabarmi, don ganyen da suke saƙa da shi babu shi a nan. Kusan duk wani gidan Bahaushe a Greensboro akwai maficinta. Ranar Asabar takan hau bas zuwa babbar tasha ta cikin gari, ta zaɓi wata bas ɗin ta bi ta har ƙarshen layi, ta dawo. Na taɓa sa matata ta tambaye ta me take nema. Ta ce ruwa. Ta ce ba ta yarda Allah zai yi gari mai girman wannan ya hana shi bakin ruwa ba, dole dai akwai layin da ba ta gwada ba.

Faɗa kuwa ta iya shi. Wata rana a walimar suna, Alhaji mijin Hajiya ya so ya ba ta shawara irin ta manya. Ya ce, "Mama, ku karɓi compensation kawai ku huta. Ƙasar Allah ai da faɗi." Ta ajiye cokali ta tambaye shi ina aka binne mahaifiyarsa. Ya ce a Kano. Ta ce to ya faɗi abin da za a ba shi ya yarda kada shi ko 'ya'yansa su sake taka Kano. Alhaji ya ce subhanallahi. Wata uku ba ya gaishe ta, sai da ya kwanta ciwon baya ta kai masa man kwakwa da ta dafa da hannunta, ta tsaya a kan Hajiya sai da ta shafa masa.

Ni kuma tsakanina da ita sai ladabi, irin wanda aka koya min. Ba na haɗa ido da ita. In ta shigo falo, na miƙe na ba ta wuri. Abinci kuwa, ko ruwa ban taɓa sha a gabanta ba. In ta dafa, sai in ce na ƙoshi, ko in ɗauki makullin mota in ce ana nemana a ɗakin gwaji, in je in sayi burodi da gyaɗa in ci a mota. Ina jin kaina wani cikakken ɗan mutunci. Na ɗauka duk duniya an san suruki ba ya cin abinci a gaban uwar matarsa, ban taɓa tunanin abu ne da ke buƙatar bayani ba.

'Yarmu tana da shekara biyar wasiƙa ta zo daga dattawan tsibirin. Suna haɗa sunayen magadan kowane fili, don lauyoyin da ke tsaya musu su nuna wa hukuma cewa ƙasar nan tana da masu ita, a gyara ta a mayar musu. Yaron da aka haifa a waje sai uwa da uba sun sa hannu, a haɗa da takardar haihuwa, likita kuma ya duba wuyansa. Filin da ba a rubuta masa magaji na gaba ba, za a ɗauka gidan ya ƙare. Matata ta sa hannu a take. Mama ta kawo min takardar da hannu biyu. Na karɓa da hannu biyu, na ce, "To, Mama." Na kai ta ofis na sa a aljihun tebur, ƙarƙashin sakamakon gwajin ƙasar gonakin taba.

Shekara biyu tana can. Dalilina ɗaya ne, kuma ba mai kyau ba ne. Ban taɓa gaya wa mutanen gidanmu labarin tokar nan ba. Abin da Inna, mahaifiyata, ta sani shi ne na auri 'yar mutunci mai aikin asibiti. Na san garinmu. Ranar da aka ji cewa dangin uwar yarinya suna da ciwon da ke bin jini, har an rubuta sunanta a cikinsu, magana ta gama unguwa kafin la'asar. In ta girma aka zo bincike kafin aure, abin da za a fara faɗa ke nan. Na ce a raina ina kare 'yata ne. In matata ta tambaya, sai in ce ina kan dubawa.

Wata Asabar da azahar Mama ta fasa hawa bas ɗinta, ta dafa kifi da ruwan kwakwa. Ƙamshi ya cika gidan. Na ɗauki makulli kamar kullum, sai na tarar da ita tsaye a bakin ƙofa, ta tare hanya. Gajeruwa ce, kanta bai kai kafaɗata ba, amma ban ga ta inda zan wuce ba.

"Ɗana," ta ce, "yau ka gaya min gaskiya. Hannuna kake tsoro?"

Ban gane ba. Na kalli matata, ta kawar da kai.

Mama ta ce lokacin da aka kwashe su zuwa wani tsibirin, mutanen can ba sa cin abincinsu. In sun miƙa wa yaro kifi, uwarsa ta doke hannunsa. Likitocin da ke zuwa duba su kuwa da nasu abincin suke zuwa a gwangwani. Ta ce ta saba, ba ta jin haushi. "Kai mai ilimin ƙasa ne, ka san abin da ke jikina fiye da ni. Shekara bakwai ina wanke hannu sau uku kafin in taɓa tukunyarka. In akwai abin da zan ƙara, ka faɗa min."

 Duk ladabin da nake taƙama da shi, ashe abin da take gani ke nan. Na juya kan matata na ce me ya sa ba ta yi mata bayani ba. Ta ce ta yi tun shekarar farko, Mama ta ce ƙarya take yi don ta rufa wa mijinta asiri, wace irin al'ada ce za ta hana mutum cin abincin wanda yake girmamawa. Na rantse, na sake rantsewa, tsohuwa ko gezau. Da na rasa yadda zan yi sai na buga wa Hajiya waya, na ce ta zo ta yi min shaida.

Hajiya ta iso da takalmin wanka a ƙafa. Da ta ji zancen sai ta tafa hannu.

"Haba Mama! Ai respect ne! Alhaji ɗin nan da kike gani, twenty years bai sa loma a gaban mahaifiyata ba. Wata rana ta shigo yana cin nama, ya cusa shi a aljihun babbar riga, mai yana ɗiga har ƙafa."

Mama ta dubi Hajiya, ta dube ni, sai ta fashe da dariya har tari ya sarƙe ta. Ta ce mutanen da ke nuna ƙauna ta hanyar barin tsohuwa da tukunya cike, lallai Allah ya yi halitta iri-iri. Ta ja kujera ta ce in zauna. Na zauna na ci kifin nan a gabanta, ina zufa kamar mai huɗa, ita kuma ta kafa min ido tana ƙara min. Ban taɓa cin kifi mai daɗinsa ba, kuma na ji takaicin duk wanda na bari a baya.

Ina suɗe hannu ta ce, a hankali, "To takardar jikata fa? Ita ma girmamawa ce?"

 Hajiya ta tuna ta bar wani abu a kan wuta, ta fice. Mama ta jira ni, ta jira, sannan ta ɗauke kwanon ta shiga kicin. A zancen abinci ba ta fahimce ni ba. A zancen takarda ta fahimce ni sarai, tsoro nake ji, irin tsoron matan da ke doke hannun 'ya'yansu.

Ba ta sake tayar da maganar ba. Kullum tana zuba min abinci, ina ci a gabanta, muna hirar farashin kifi da sanyin garin. Da ta zage ni da ya fi min sauƙi. Cikin watannin nan ne muryarta ta fara dushewa, aka duba aka ce ciwon ya dawo, kuma wannan karon ba na yankawa ba ne.

Matata ce ta gama da ni. Muna dawowa daga asibiti, mun tsaya a fitilar ba da hannu da ke kan titin Elm, ta ce ba tare da ta kalle ni ba, "Ba takarda ka ɓoye a teburinka ba. Ni ka ɓoye, da uwata. 'Yarka kuma rabinta kake so ka kai gida."  Na baya ya yi ta danna min hon.

Washegari na ciro takardar na sa hannu. Na kai yarinyar likita ya duba wuyanta, alhamdulillahi lafiya lau. Na kai wasiƙar gidan waya da kaina. Sannan na yi abin da ya fi sa hannun wuya. Inna ba ta karatu, da kaset muke gaisawa. Na rufe kaina a mota a bayan ɗakin gwaji, na danna rikoda, na gaya mata komai: tokar, tabon, 'ya'yan da suka mutu, filin, sunan jikarta da na rubuta, da shekarun da na yi ina ɓoye mata. Sau huɗu ina gogewa ina sakewa. Na ba wani ɗalibi da zai je hutu gida, na roƙe shi ya kai hannu da hannu.

Da na gaya wa Mama a asibiti, ba ta yi murnar da na zata ba. Ta ɗaga kai kawai. Muryarta ta koma raɗa, sai da na sunkuya, karo na farko da na kawo fuskata kusa da tata.

"Mahaifiyarka ta sani?"

Na ce na aika mata.

"To zan jira in ji me za ta ce. Yarinyar ta mu biyu ce."

Ta jira iyakar ƙarfinta. Duk ranar da na shiga ɗakin sai ta kalli hannuna ta ga ko na riƙo wani abu. Ɗalibin ya ƙara sati biyu a gida saboda bikin ƙanwarsa. Ya sauka kwana goma sha biyu bayan mun binne ta, ya kawo min kilishi da kaset a cikin ambulan.

Ni da matata muka saurara a kicin da rana, yarinyar tana makaranta. Inna ta yi gaisuwa, ta lissafa wanda ya haihu da wanda ya rasu. Daga nan ba ka jin komai sai kaji da wani yana daka a maƙwabta. Na ce shi ke nan, fushi ne.

"Na ji saƙonka," ta ce. "Ba ka kyauta ba, amma wannan sai ka zo. Zancen auren yarinyar kuwa, in Allah ya kai mu, ni zan faɗa wa masu nema da bakina, wanda zai tsaya ya tsaya. Ka gaishe min da 'yar'uwata da jiki, ka ce ina yi mata addu'a. Sannan ka tambayar min ita, wannan gona ta jikata, me take yi? Gero ko dawa? Akwai rijiya? Wa da wa suke iyaka da ita? Ka ce ta faɗa maka dalla-dalla, ka ɗauko min a kaset da muryarta, ko ban ji yaren ba."

Matata ta kashe rikodar. Na tambaye ta ko ta sani. Ta ce tana ƙarama ƙwarai aka tura ta makaranta a wani tsibirin, abin da take tunawa bai wuce bishiyoyin kwakwa da wata hanya mai zuwa bakin ruwa ba. Ta goge ido da bayan hannu ta ce, "Duk shekarun da ta yi a ƙasar nan, kowa wuyanta yake tambaya. Ba wanda ya taɓa tambayarta gonar."

Ni ne mai digiri biyu a kan ƙasar noma. Na san ƙasar gonakin mutanen da ban taɓa gani ba, na san wadda ke son taki da wadda ke riƙe ruwa. Ta zauna a gidana shekara bakwai, na kai ta taro ya fi a ƙirga, ban taɓa juyawa a mota na ce, Mama, me ke tsirowa a filinki ba.

Ɗalibin zai sake komawa gida ƙarshen watan nan, ya ce in shirya saƙo. Na sayi sabon kaset tun shekaranjiya. Inna tana can tana jiran muryar 'yar'uwarta, ba ta ma san ta rasu ba, kuma ni ne zan gaya mata.